Ranar da Ruwan Sama Ya Wanke Gurara

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da ruwan sama ya wanke Gurara a bayana ba, a gaban ɗalibaina da iyayensu da matar da nake aiki a ƙarƙashinta. Yanzu in na ba da labarin, mutane dariya suke yi har da riƙe ciki, ni ma ina taya su don kada a ce na cika riƙo. Amma tsakanina da Allah, har yau in na tuna ni kaɗai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni mai zane ne, kuma da fentin ruwa nake aiki, wato irin wanda ake jiƙa buroshi a ruwa, a lakato launi, a shafa a takarda. Ina zaune a unguwar Maitumbi, cikin Minna, da matata Balaraba da 'yarmu Ummi, ina koyar da zane a wata makarantar kuɗi a Sauka Kahuta. Kafin korona ta zo, ni mutum ne mai ji da kansa a sana'a (Balaraba ta ce in cire "a sana'a", wai ko a cin tuwo haka nake). Duk zango sai na kwashi yara a mota mun fita bayan gari mun zana duwatsu da shanu. Duk damina kuma ni kaɗai nake ɗaukar jakata in tafi Gurara, inda kogi ke faɗowa daga kan duwatsu a hanyar Suleja, in yini ina zane. Ina da wata huɗuba da yara suka haddace tsabar maimaici: "Kada ku zana daga hoto, kada ku zana daga ka. Ku je gaban abu ku tsaya, ku zana abin da idonku ya gani." Ku riƙe wannan huɗubar, za ta dawo ta same ni.

Sai aka kafa dokar kulle, aka rufe makarantu, aka ce kowane malami ya koma koyarwa ta waya. Masu lissafi da Turanci sun samu sauƙi, tunda iyaye na tsoron jarrabawa. Ni kuwa sai in jingina waya da gwangwanin madara, in ajiye kofi a kan tebur in ce a zana. Wani satin lemo, wani satin buta. Yara suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage ma rabinsu kashe kyamara suke yi, ina ta zuba bayanin inuwa da haske, ina jin ƙarar cokali a kwano.

Rannan mai makarantar, Madam Saratu, ta kira ni. Bagwariya ce mai kirki, amma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Malam, ka san abu ya yi wuya yanzu," in ji ta. "Iyaye suna cewa data yana karewa a kan zana kofi. Ran Asabar zan shiga ajinka, ni da su. In mun ga ba amfani, sai mu ajiye zane tukuna har korona ya wuce."

Har korona ta wuce! Wa ya san ranar? Ajiye zane kuwa ajiye ni ne, don ban iya komai ba bayan shi. Na ce mata to, na gode, na kashe waya.

Da wannan fargabar na shiga ajin tsakiyar mako. A cikin yaran akwai Na'ima, yarinyar da ba ta taɓa fashi ba kuma ba ta taɓa kashe kyamara ba. Da na ɗauko kofin nan sai ta ce, "Malam, don Allah mun gaji da kofi. Kai da ka ce a je gaban abu a tsaya, yaushe za mu ga Gurara?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga hankalina. Sai kawai na ji ina cewa, "Ranar Asabar daga Gurara zan yi muku darasi, kai tsaye."

Nan take kyamarori suka buɗe, fuskokin da na manta kamanninsu suka bayyana, ana ta ihu. Kafin la'asar magana ta zaga guruf ɗin iyaye. Ni kuma, maimakon in ji tsoro, sai na ji kaina ya ƙara girma.

A yi mini adalci a nan: na yi niyyar zuwa. Washegari na ɗauki jaka na fita, na samu wani mai babur ya yarda ya gwada. Ko fita gari ba mu yi ba muka tarar da shinge. Wani jami'i da takunkumin fuska har ido ya ɗaga mana hannu.

"Ina zuwa?"

"Aiki, ranka ya daɗe."

"Asibiti kake aiki, ko abinci ka ɗauko?"

"A'a, zane zan je in yi."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya dubi jakar, ya sake dubana. "Zane," in ji shi, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Malam, juya ka koma gida tun ina ganin mutuncinka."

Na koma gida. Mai hankali a nan zai ɗauki waya ya ce wa yara hanya a rufe take, a yi haƙuri. Abin da Balaraba ta ce ke nan.

"Baban Ummi, ka faɗa musu gaskiya mana. Wa zai kama ka da laifi don an tare hanya?"

"In faɗa musu gaskiya, in koma zana kofi a gaban Madam? Ke ba ki san harkar fasaha ba."

"Ban san ta ba kam. Amma na san ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ban saurare ta ba, don dabara ta riga ta faɗo mini. Na zana Gurara sau ba adadi, na san kowane dutse nata. In ni ban je Gurara ba, me zai hana Gurara ta zo Maitumbi? Na kwaso duk manyan takardun zanen da nake tattali, na dama sitaci na haɗa su gefe da gefe har suka yi faɗin zanin gado biyu. Na duƙufa a kansu ba ci ba sha. Baƙaƙen duwatsu, korayen itatuwa, farin ruwa yana tumbatsa yana tashi kamar hayaƙi. Ba yabon kai ba, ban taɓa zane mai kyan wannan ba, kuma abin haushin ke nan.

Saura wurin kafawa. Duk gidan bango ɗaya ne mai faɗi da hasken safe ke bugawa, shi ne na bayan tsakar gida, wanda ƙofar banɗaki take jikinsa. Na ce ba komai, ai rufe ta za a yi. Na manna Gurara a kai, ta shafe ƙofar ɗungurungum. Ƙarar ruwa kuma na ɗora wa Balaraba: ta hau kan turmi a gefe inda kyamara ba ta kaiwa, ta riƙa tsiyayo ruwa daga bokiti zuwa cikin baho, in ya ƙare ta ɗebo ta sake. Sai da ta yi mini kallon da matan aure ke yi wa miji in sun tuna iyayensu sun ba su shawara ba su ji ba, sannan ta ce, "Don abincin Ummi zan yi, ba don kai ba."

Babban abin da na dogara da shi kuwa shi ne netwok ɗin unguwarmu. Kullum hoto dishi-dishi yake fita, har yara kan ce ba sa bambance hancina da kofin. Na ce da wannan hazon ko mutumin Gurara ba zai gane ba.

Safiyar Asabar Balaraba ta ɗaga kai ta ce, "Ka ga gabas kuwa? Hadari ne fa."

Na ce, "Na yamma ne, ba zai sauko yanzu ba."

Ku dubi wannan magana. Ni ne mutumin da ranar farko a aji yake gaya wa yara cewa babban maƙiyin zanen ruwa shi ne ruwa, in ya bushe ko gumi kada a bari ya ɗiga a kai. Ni ne na kafa zanen ruwa a filin Allah, a farkon damina, a Minna.

Na sa malafa, na rataya jaka, na sauke takunkumi a haɓa irin na wanda ya sha hanya, na kafa waya. Ranar da nake roƙon Allah netwok ya lalace, ranar ya fito tar kamar an wanke shi. Aji ya cika maƙil. Bayan kowane yaro akwai uwa ko uba a tsaye, ga Madam a nata gurbin da tabarau. Na yi wa Balaraba alama da ƙafa, ruwa ya fara zuba, Ummi na barci a bayanta.

"Assalamu alaikum daga Gurara!" na faɗa da ƙarfi, wai don in rinjayi ƙarar ruwa.

Yara suka ɗauki sowa. Wani uba ya ce, "Malam, ya aka yi ka wuce shingaye?" Na yi murmushin manya na ce, "Alhaji, ai mu masu fasaha muna da tamu hanyar." (Allah Ya yafe mini wannan murmushin.)

Sai Madam ta matso da fuskarta jikin waya. Ta daɗe tana kallo. Na ce a raina shi ke nan ta gano. Ashe abin ya fi haka muni.

"Kai, Malam! Ka kai gida!" in ji ta. "Ka ga wancan dutse na hagu? A kasan shi muke wanki da muna yara. Kauyenmu yana bayan wurin kadan. Tun da aka kulle gari ban ga Mama ba. Don Allah in ka gama ka shiga ka gaishe ta, ka ga lafiyanta da idonka."

Shekara da shekaru ina aiki da matar nan, ban taɓa tambayar ta garinsu ba. A nan ne ya kamata in tsaya. Allah Ya buɗe mini ƙofar tuba har da labule a ɗage. Amma ido ya yi yawa, kuma wanda ya hau dokin ƙarya sauka ke ba shi wuya. Na ce, "Ba komai, Madam. In sha Allahu zan shiga."

Na ga ta ɗauki wata wayar ta kara a kunne, ban kawo komai a raina ba. Na ci gaba da darasi, kuma gaskiya darasi ya yi daɗi. Na nuna musu yadda ake barin farin takarda ya zama kumfar ruwa, yadda ake sa launi mai duhu a gefe don farin ya fito. Kowa ya sunkuya yana zane, har wasu iyayen sun karɓi fensir. Na ce a raina, aiki ya tsira.

Sai iska ta taso.

"Malam," in ji Na'ima, "dutsen can yana motsi."

"Netwok ne, ci gaba da zanenki."

Ɗigo ɗaya ya sauka a malafata. Na biyu ya sauka a kan allon zanena. Sai ƙarar Gurara ta ɗauke ɗif, kamar an kashe famfo, kogi guda ya yi shiru ana cikin damina. Kafin in waiwaya na ji muryar Balaraba:

"Baban Ummi, shanya! Kayanmu za su jiƙe!"

Sai ga ta ta gifta a guje ta gaban Gurara, bokiti a hannu, Ummi a goye tana tsala kuka. Ta wuce ta tsakiyar kogin ko ƙafarta ba ta jiƙe ba.

Daga nan sama ta ɓalle. Irin ruwan nan ne na farkon damina mai zuwa da fushi. Ina tsaye ina kallon kaina a fuskar waya, a bayana kuma duniya tana narkewa. Itatuwa suka tsiyayo cikin ruwa, ruwa ya koma kore. Dutsen da Madam ke wanki a ƙasansa ya zubo ya zama kunun kanwa. Na kai hannu in kashe kiran, yatsana a jiƙe, gilashin waya a jiƙe, ta ƙi ji. Na danna, na goga a riga, rigar ma a jiƙe. Ina ta dangwalar fuskokin mutane, su kuma suna kallona baki buɗe.

Sai sitaci ya saki. Gurara ta ɓanɓaro daga sama a hankali, ta naɗo, ta faɗo mini a ka. Da na yaye ta daga fuskata, ga abin da aji guda da iyayensu suke kallo: ƙofar banɗakinmu ta langa-langa, buta a gindinta, da wani tsohon gajeren wandona da na manta a rataye a ƙusa.

Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Can wani yaro ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Na ji Alhajin nan yana cewa, "Lallai masu fasaha suna da tasu hanyar." Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma duk dariyar ba ta dame ni ba kamar mutum biyu da ba su yi ba. Na'ima tana riƙe da takardarta, ta dubi abin da ta zana, ta dube ni, ta kifa ta. Madam kuwa ta cire tabarau, gurbinta a waya ya yi baƙi.

Na shige ɗaka sharkaf, launi kore da baƙi na bin wuyana. Balaraba ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai da ta gama kwashe shanya, ta kawo mini abinci, ta durƙusa da ladabi ta ce, "Sannu da hanya, Baban Ummi. Ya ka baro mutanen Gurara?"

Na yi kwanaki ko ƙofar gida ban leƙa ba, wayata a kashe. Ranar da aka sassauta doka don a yi cefane, na tattara ɗan guntun mutuncin da ya rage na hau keke na tafi gidan Madam. Ta fito, muka tsaya nesa da juna kamar yadda aka umarta (ni dai ko ba doka ba zan iya matsawa ba). Na fara jero ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Malam, zane ya yi kyau. Ni da aka haifa a wurin ka rude ni. Wannan ban yi fushi ba." Sai ta ƙara da cewa, "Amma kana cikin darasi na kira Mama, na ce bako yana zuwa daga wurina. Ta sa an dafa doya. Ta fito da kujera bakin kofa ta zauna har yamma. Ni kunya ya hana ni in kira ta in ce bakon yana Maitumbi a gaban bayan gida."

Ban san sanda na durƙusa ba. Duk tsawon kwanakin nan kunyar wando nake ji, ashe akwai tsohuwa da na zaunar a bakin ƙofa tana duban hanya. Wannan kunyar daban take, ba ta da dariya a ciki ko kaɗan.

Madam ba ta kore ni ba, amma ta gindaya mini sharaɗi biyu. In gaya wa yara da bakina cewa ƙarya na yi, ba netwok ba, ba wasa ba. Sannan ranar da aka buɗe hanya, in je in gai da Mama, tunda an riga an ce mata baƙo na zuwa.

Asabar ta zagayo na buɗe aji ba malafa ba jaka. Na ce, "Yara, na yi muku ƙarya. Tsoro na ji kada a rufe ajin nan, sai na aikata abin da nake hana ku. Ku yafe mini." Sai Na'ima ta ɗaga hannu.

"To Malam, yau me za mu zana?"

"Kowa ya je ƙofa ko taga, ya zana abin da idonsa ya gani."

"Kai fa?"

Na juya waya na nuna musu ƙofar banɗaki da butarta (wandon dai na cire). Ita na zana ranar, da tsatsarta da komai. Su kuma suka kawo mini tankin ruwa, da keken ɗinki, da wata kaka tana gyangyaɗi a tabarma. A haka muka ƙarasa zaman kullen, aji bai mutu ba, sai dai sunana ya mutu. Har yau a Sauka Kahuta in ka ce Malam Gurara, ko mai gadi zai nuna maka ni.

Da aka buɗe hanya na cika alkawari. Na sayi sabulu da sukari na tafi ƙauyen. Tsohuwar ta kama hannuna ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Kai ne bakon da ruwa ya cinye? Ka dade a hanya." Ta sa aka dafa doya, ta zauna tana kallona har na cinye tas.

Daga nan na gangara Gurara ta gaskiya. Ruwa ya cika, yana rugugi har ƙasa na girgiza, feshinsa na dukan fuskata. Daɗi ya kama ni, na ciro waya na kira aji.

"Assalamu alaikum daga Gurara!"

Ba sowa, ba tafi. Fuskoki suka matso suna ƙare wa bayana kallo.

"Malam," in ji Na'ima, "juya wayar mu ga ko Anti na nan da bokiti."

Na juya hagu, na juya dama, na nuna sama. Sai muryar Madam: "Taba ruwan, Malam."

Haka na cire takalmi na naɗe wando na shiga har gwiwa, ina ɗiba da hannu ina watsawa sama, wasu masu yawon buɗe ido na kallona suna matsawa gefe. Duk da haka sai da na ji wani yaro yana raɗa wa ɗan'uwansa, "Wannan karon ya fi iya zanawa."

Darasin da na koya bai da yawa. In har sai ka yi ƙarya, kada ka yi ta da fentin ruwa a damina. In kuwa ka yi, ka sani fentin zai wanke kafin ka kashe waya, amma ita ƙaryar na shiga Gurara har gwiwa ba ta fita ba.